Yadda ake gaisuwar salla a wurin aiki ba tare da an kwashi kunya ba

Shekara tara ke nan ina riƙe da littafin kuɗɗi da wayar aiki ta wani kantin sari a nan Maraɗi, shinkafa da mai da sukari da taliya muke saidawa, kuma duk salla in ta matso ni ne maigida ke ce ma "kai, kar ka manta da gaida mutane fa". Shekarun farko na ɗauka ba wani aiki ba ne, in samo hoton rago ko na jinjirin wata mai ƙyalƙyali in tura ma duk lambar da ke cikin waya in koma in ci gaba da shan hurata. Sai da na sha kunya sau biyu sau uku sannan na gane ashe abin yana da tsari, kuma tsarin ba daga waya yake farawa ba. To ga yadda nake yi yanzu, wanda ya ga abin ɗauka shi ɗauka.

Waɗanda za ka fara gaidawa ba kiliyan ba ne, wato masu saye a wurinku, yaranka ne. Gardi da ke kwana bakin mangaza, ƴan dako, direban kamyo da yaron mota, mai shara, yaran da ke tsaye kan sikeli tun safe. Kuma gaisuwarsu ta farko ba baki ba ce, albashi ne. Wallahi babu abin da ke ɓata ma ma'aikaci rai kamar saura kwana biyu salla ba a biya shi ba, tela na riƙe da ɗinkin ƴaƴanshi, uwargida na tambayar kuɗɗin zabi da kayan miya, sai ga saƙon patron ya shigo gurup da fulawoyi da addu'a mai tsawo. Zai rubuta amin don dole, amma abin da ke cikin ranshi ba amin ba ne. In salla ta faɗo tsakiyar wata, a yi magana da mai riƙe da kuɗɗi tun da wuri a ba mutane abans, ko rabi ne, kwana biyar ko shida kahin salla, lokacin da kuɗɗin za su yi amfani. Na ranar jajibiri ya makara, kasuwa ta riga ta yi wuta kuma tela ya daina karɓar ɗinki.

Goron salla kuma, ko jikka biyar ce ko goma ko turmin zane ko kwalin sukari a farkon azumi, abu biyu nake lura da su. Na ɗaya a sa cikin ambulan a miƙa ma mutum hannu da hannu, ba a tsaya tsakiyar kanti ana ƙirgawa ana kiran suna kamar rabon sadaka ba. Na biyu masu aiki iri ɗaya su samu iri ɗaya. Kar ka yaudari kanka cewa ba za su gwada ba, kahin la'asar kowa ya san abin da kowa ya samu. In akwai wanda kake son ka ƙara ma saboda ƙwazonshi, ka ƙara mishi wata rana daban da wani suna daban. Kuma a daina ɗaukar hoton mutum yana karɓa ana sawa a Facebook, wannan ba kyauta ba ce, talla ce da mutuncin wani.

Sannan a faɗa musu tsarin konje a fili tun kahin ranar: ranar kaza za a rufe, ranar kaza za a buɗe, wane ne zai tsaya gadi ranar salla, wa zai canje shi. Da yawa daga cikin yaranmu ƴan ƙauye ne, wani Dakoro zai tahi, wani Mayahi, wani can bayan Tasawa, kuma mota ranar jajibiri kowa ya san yadda take. Wanda aka bari yana gadi ranar salla shi ne ya fi kowa cancantar a je inda yake da ƙafa, a kai mishi abinci da nama, a ce sannu da aiki. Maigidanmu yana yin wanga duk shekara in an sauko daga idi, minti biyar ne, amma gardin namu har yau in ana hirar maigida sai ya kawo zancen.

A al'adarmu ƙarami ke zuwa gaida babba, wannan ba a canza ba, don haka in kai ne yaro kar ka zauna jiran patron shi kira ka. Ka je gida in an saba zuwa, ka gaisa ka tashi, kar ka shantake har a fara tunanin ko jiran wani abu kake. In ba a saba ba, kira ya isa, ko saƙo gajere: "Ranka shi daɗe barka da salla, Allah shi maimaita mana, Allah shi ƙara buɗi, a gaida su Hajiya da yara." Amma a gurup na ma'aikata shi babba ya kamata shi fara, da bakinshi, ba sakatare ta rubuta a madadinshi ba. Bokal na minti ɗaya da muryar maigida yana cewa na gode da wahalar da kuka sha bana, wanda na ɓata ma rai shi yafe mini, ya fi takarda mai hatimi nauyi nesa ba kusa ba.

Wani abu da ba a cika faɗi ba sai ya zama rigima. In kai namiji ne kuma akwai mata a ƙarƙashinka, gaisuwarsu ta tsaya a gurup ko a biro, da rana, da kalmomin da ko mijinta ko babanta ya karanta ba zai ɗaga gira ba. Saƙon barka da salla ƙarfe sha ɗaya na dare, ko yin sharhi kan hoton kwalliyar da ta sa a statu, "kai wagga shadda ta karɓe ki", ba gaisuwa ba ce, kuma ita ba ta da bakin da za ta ce ma mai biyanta albashi ya daina. Haka in kiliyan ɗinka mace ce, Hajiya ce ko Malama ko Madam, a tsaya nan.

Yanzu kiliyan. Kahin ka taɓa waya ɗauki karne da alƙalami, ba a fafe gora ranar tahiya, ni tun tsakiyar azumi nake wanga aiki, na babbar salla kuma da an ga watan Zulhajji. Rubuta sunayen ka kasa su uku. Kashin farko waɗanda sai an taka an je, ba su wuce mutum biyar zuwa goma ba, manyan da suka riƙe kantin shekara da shekaru, dattawan da suka san mahaifin maigida, wanda ya ba ku kaya bashi lokacin da kowa ya juya baya. Waɗannan in ka tura musu saƙon waya kawai ka zage su, zumunta a ƙafa take. Kashi na biyu na kira ne, masu sari a wurinku duk kasuwar Litinin da Juma'a, masu kawo muku kaya daga Kano ko Kwatano ko Lome. Sauran duka, masu saye jefi-jefi, su ne na saƙo. Kuma wanda zai kira shi kira daidai da shi: maigida shi kira maigida, ni mai riƙe da littafi in kira mai riƙe da littafinsu. In yaro ya kira babban Alhaji a madadin patron, Alhajin zai amsa da fara'a amma ya rubuta a ranshi.

Lokacin da kake wannan rubutu ne za ka tace jerin, kuma a nan ne na kwashi kunyar da har yau in na tuna sai na ji wani iri. Akwai wani dattijo mai sari a wurinmu daga wani gari wajen Gidan Rumji, ya rasu cikin watan Sha'aban, labari ya zo kanti har maigida ya je gaisuwa, amma ni ban goge lambar daga jerin da nake turawa ba. Ranar salla saƙo ya tahi: Alhaji barka da salla, Allah shi ƙara lahiya da nisan kwana. Wayar tana hannun matarshi, tana cikin takaba. Ɗanshi ne ya kira ni washegari, bai yi faɗa ba, ya ce kawai "Malam, Baba ai ya rasu, ko ba ku ji ba ne", ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Tun daga ranar duk suna sai na tsaya na tambayi kaina, mi ya faru da mutumin nan bana? Wanda aka yi ma rasuwa, wanda ke kwance asibiti, wanda gobara ta ci ma shago, wanda ƴan bindiga suka taɓa danginshi ta wajen iyaka, waɗannan ba a tura musu hoton rago mai dariya. Kira ake yi, a fara da "ya ƙarin haƙuri" ko "ya mai jiki", barka da salla ta zo daga baya a hankali.

Sai maganar rana, wadda mu mutanen bakin iyaka ta fi shafa. Daga nan zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ba wata tahiya ba ce, amma ba kullum muke salla rana ɗaya da su ba. Mu muna jiran sanarwar Majalisar Musulunci ta Nijar, su suna jiran ta Sarkin Musulmi daga Sakkwato. A ƙaramar sallar 2024 mu mun yi idi ranar Talata 9 ga Afrilu, su sai Laraba 10 ga wata. Ka ga in ka tashi da safe ka tura ma mutumin Kano "an sha ruwa lahiya, ga mu muna cin zabi" alhali shi yana ɗauke da azumi, ba laifi ba ne babba amma ya nuna ba shi kake tunani ba, jeri kake bi. Raba jerin gida biyu, masu +227 daban masu +234 daban, kowa a gaida shi ranar tashi sallar. Kuma kar a kuskura a mayar da abin wasa ko gardama, wai ku kun makara ko mu mun riga ku ganin wata, wannan zancen majalisar shayi ne ba na ciniki ba. Don haka ma ban yarda da shirya saƙo tun mako guda a sa mishi kwanan wata ba, shekarar Hijira kwana goma ko sha ɗaya take ja baya duk shekara kuma sai an ga wata ake sanin ranar.

Cikin ranar ma akwai lokacin da ba a kira. Da safe kowa na wanka da shirin idi. In babbar salla ce daga saukowa har azahar mutum hannunshi na cikin jini, ana yanka ana fiɗa ana wanke kayan ciki, ka kira shi sau uku sai ya aiko yaro da gudu ya ɗauko waya yana zaton wani abu ya faru da kaya a hanya. Ga rezo da ke cushewa, Airtel ne ko Moov ko Zamani, ka yi ta alo alo. Ni tsakanin la'asar da magariba nake kira, ko washegari da hantsi, saƙon rubutu kuma ana iya tura shi daren jajibiri bayan an yi sanarwa. Bayan isha'i a bar mutane da iyalinsu. In kiliyan ɗinka ya tahi aikin hajji ka tuna Saudiyya ta riga mu da awa biyu kuma kwanakin Mina ba na hira ba ne, saƙo ɗaya ya isa, Allah shi sa karɓaɓɓe ne, sauran gaisuwa sai ya dawo a je a yi mishi barka da sauka. Dubai awa uku ce a gabanmu, Sin awa bakwai, Lome da Abijan kuma mu muka riga su da awa ɗaya, Kwatano da Najeriya agogonmu ɗaya.

To mi za a rubuta? Abu uku kawai: sunan mutum da girmanshi, addu'a, sannan wane ne kai. Na ukun nan shi ake yawan mantawa, ka ga saƙo mai kyau daga lambar da ba ka sani ba, ka rasa wa za ka gode ma. Ga irin wanda nake tura ma masu sari:

"Salamu alaikum Alhaji, barkanmu da salla. Allah shi karɓi ibadunmu, shi maimaita mana, shi sa albarka a kasuwa. Mun gode da amanar da ke tsakaninmu. In akwai inda muka kuskure a yafe mana. Daga kantin Alhaji wane, Babbar Kasuwa, Maraɗi."

Ga na mace mai kanti ko mai gidan abinci da ke ɗaukar kaya a wurinmu:

"Hajiya barka da salla, an yi salla lahiya? Ya gajiyar hidima? Allah shi nuna mana ta baɗi da rai da lahiya, a gaida maigida da yara."

Ka ga babu wani dogon turanci ko faransanci a ciki, kuma bai kai a ce "karanta sauran" ba. Kula da laƙabi sosai. Wanda ya je Makka bana ka ce mishi Malam wane kamar da, ya lura. Mai sarauta a kira shi da sarautarshi, a ce Allah shi ba ka nasara ko ranka shi daɗe, ba a kama sunanshi na yanka. Likita, mushe, darakta, kowa da abin da ya saba ji. Kuma a duba rubutun suna sau biyu, musamman in kwafa kake kana liƙawa kana canza suna, don ranar da za ka tura ma Hajiya saƙon da ya fara da "Alhaji" tana nan tahe. WhatsApp na ba da minti 15 a gyara saƙo bayan an tura, amma zai nuna an gyara, kuma in ta riga ta karanta sai dai ka bi da ban haƙuri.

Saƙon da aka turo maka kar ka tura ma kiliyan shi kai tsaye. WhatsApp na sa ƴar kibiya a samanshi da ke nuna turowa aka yi, in ya yi yawo da yawa ma kibiya biyu yake sawa, wato mutum na buɗewa ya san ko rubutawa ba ka yi ba. Balle bidiyon nan masu nauyi da ke cinye ma mutum mega, ko hoton da ke ɗauke da sunan wani kamfani can a ƙasa ba ka lura ba. In kantinku na da hoton gaisuwa mai tambarinku ba laifi, amma a haɗa shi da layi ɗaya mai sunan mutumin.

Ni a ganina ma a garin nan bokal ya fi rubutu aiki. Manyan ƴan kasuwarmu da yawa allo suka yi ba lakwal ba, suna lissafin miliyoyi a ka amma rubutun boko sai an karanta musu, to mi ya sa za ka sa Alhaji neman yaro shi karanta mishi gaisuwa? Yi sallama, faɗi sunanka da na kanti tun a farko, yi addu'a, rufe. Rabin minti. Ka samu wuri shiru, ba bakin titi kabu-kabu na ta oda ba, kuma ka saurara kahin ka tura. Wanda ba ya da babbar waya a tura mishi SMS, sai dai ga wani abu da na gano da kuɗɗina: saƙo ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da ka sa harafi mai lanƙwasa irin ɗ ko ƙ ko ɗan hoton nan na dariya, sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama uku a caje ka uku. In mutum ɗari za ka tura ma, kiredin zai ji a jikinshi.

Harshe kuma a bi na mai karɓa. Ma'aikatan banki da na furoje da ofisoshin gwamnati takarda ko imel da faransanci suka saba gani, a rubuta musu shi tsaf, a ba wanda ya iya ya duba. Abokin ciniki Bazabarme daga Yamai ko Doso in ka ce mishi "kay yesi", wato barka da salla da Zabarmanci, kahin ka ci gaba da Hausa, za ka ji yadda muryarshi za ta canza. Kalma biyu ce.

Kuskuren da ya fi yawa yanzu shi ne buɗe gurup. Mutum ya kwashi lambar kiliyan ɗari biyu ya zuba su wuri ɗaya ya sa suna "Barka da Salla", ba wanda ya tambaya. Ka tona lambar kowa ga kowa, har da matan aure, har da mutum biyu da ke gaba da juna a kasuwa, kuma ka nuna ma abokin hamayyarka duk masu saye a wurinka, ya kwafe abinshi a banza. Kahin dare an fara turo wa'azi da tallan magani da siyasa, mutane na fita ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake yi shi ne jerin watsa saƙo, wanda wayoyinmu masu faransanci ke kira lis da difizyon: kowa zai samu saƙon shi kaɗai kamar shi ka rubuta ma, in ya amsa kai kaɗai za ka gani. Mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, kuma sai wanda ya ajiye lambarka a wayarshi zai samu, don haka kar ka dogara da shi ga sababbin kiliyan. A imel ma haka, adireshin mutane a sa su a layin Cci, ba layin da kowa ke ganin na kowa ba. Statu kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, yana da kyau don sanar da ranar rufewa da buɗewa, amma kar ka ce ai na sa a statu na gaida kowa. Ba ka gaida kowa ba.

Sai abin da ba a haɗawa da gaisuwa, kuma a nan nake da zafi. Bashi. "Barka da salla Alhaji, af, batun ragowar kuɗɗin nan fa." Haba. Wannan ita ce gaisuwa da roƙon iri, kuma daga ranar duk sanda ya ga kiranka ranar salla ba zai ɗauka ba. Na san ciwon, ni ke riƙe da littafin, na san wanda ya kwashi buhu hamsin tun kahin azumi ya yi shiru. Amma bashi a bi shi kahin salla da mako guda ko bayanta da mako guda, da kira daban. Mai bashin ma a gaida shi kamar kowa, sau da yawa kunyar gaisuwar ce ke sa shi ya aiko da wani abu ta kamfanin aika kuɗɗi irin Nita ko Amana ba tare da an ce uffan ba. Talla ma haka, in kana da sabon kaya ko ragi ka yi sanarwarshi daban, kar a ce Allah shi karɓi ibada a layi na ɗaya, a layi na biyu katan ɗin taliya ya sauko.

Ba kowa ke bikin da kake yi ba, wannan ma sai an sa a lissafi. Maraɗi akwai Kirista ƴan gari, akwai Ibo masu kayan gyaran mota, akwai ƴan Benin da Togo, wasu ma'aikatanmu ne wasu kiliyan. Su suna yi mana barka da salla kuma muna aika musu nama. In lokacin Kirsimeti ko Ista ya zo, kowa ya san abin da malaminshi ya karantar da shi game da taya murna, ba zan shiga nan ba, amma ko wanda ba ya faɗin kalmar zai iya ba ma'aikacinshi hutun ranar da albashi da wuri, ya ce a huta lahiya a gaida iyali. Abin da bai dace ba shi ne a yi kamar ba a san ranar tana nan ba alhali 25 ga Disamba ranar hutu ce a ƙasar nan. Mauludi kuma tsakaninmu Musulmi ma ba a taru a kai ba, wani yana raya daren wani ba ya yi, to saƙon Mauludi ba na jerin kowa da kowa ba ne, sai wanda ka san yana yi. In ba ka sani ba ka yi shiru, ba wanda zai riƙe ka don ba ka turo ba. Sabuwar shekarar nasara ta fi zama ta ofisoshi, su ne ke musayar bon ane da kalanda da ajanda, kuma sauƙinta duk cikin watan Janairu ana karɓa. Bukukuwan ƙasa irin 3 ga Agusta da 18 ga Disamba layi ɗaya a statu ya wadatar, Allah shi ba ƙasa zaman lahiya, kar a ɗora sharhin siyasa da lambar kanti. Masu sayo kaya daga Sin kuma su riƙe cewa sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu na rufewa, gaisuwa a lokacin tana da daɗi a wurinsu kuma oda a riga a bayar tun kahin nan.

Kado, wato kyauta, ga kiliyan ba dole ba ne, in za a yi a yi wanda ba zai zama nauyi ba, cinyar rago, kwalin dabino, sukari a azumi. Inda nake taka-tsantsan shi ne ma'aikacin gwamnati da takardarku ke kan teburinshi, na duwan ne ko na haraji ko mai sa hannu a kwangila. Rago a ƙofar gidanshi ana saura kwana uku ya yanke hukunci kan dosiyenku, ko mi ka kira shi, mutane suna da sunan da za su kira shi, kuma kana iya jefa shi cikin matsala a wurin aikinshi. Gaisuwar baki da kalanda mai sunan kanti sun isa. In ku aka kawo ma, a sanar da maigida, kar yaro ya karɓa ya yi gum, sannan ɗan aiken da ya kawo a ba shi tukuici.

In an gaishe ku a amsa. Wayar kanti kan cika da saƙo ranar salla, ni nakan zauna da dare ko washegari in bi su ɗaya bayan ɗaya, ko da "amin, mun gode Alhaji, Allah shi bar zumunci" ne. Babban mutum ya rubuto maka layi huɗu ka mayar mishi da hoton babban yatsa, wannan raini ne ko ba ka nufa ba. Wanda kuma ka gaida bai amsa ba a ƙyale shi, kar a bi shi da "Alhaji ba ka ga saƙona ba?", wataƙila saƙo ɗari uku ne a wayarshi.

In kuma ka manta da wani sai bayan kwana uku ka tuna, kira shi hakanan, kar ka tsaya ƙirƙiro ƙaryar rezo. "An yi salla lahiya? Ya gajiyar salla? Wallahi hidima ce ta sha kaina, a yi haƙuri." Har mako guda bayan salla ana karɓar wannan, a kasuwar farko bayan salla ma kowa da ita yake buɗe baki. Sai ka ɗauko karnen nan ka rubuta sunanshi a inda ya dace, da wanda ya canza lamba, da wanda ya je hajji bana, da wanda aka ce ba ya jin daɗi, don tsakanin ƙaramar salla da babba wata biyu ne da kwana goma, kahin ka farga an fara kawo raguna.